Macijin Kusugu da dodon Japan: darasin Dragon Quest ga yaran Mairuwa

Ranar Laraba, 10 ga Fabrairun 1988, gari ya waye wa birnin Tokyo da dogayen layuka a ƙofar shagunan kayan lantarki. Wasu a nan suka kwana cikin sanyin hunturu, suna jiran kaset ɗin wasan bidiyo, kashi na uku na jerin da ake kira Dragon Quest. Kafin rana ta faɗi an sayar da fiye da miliyan guda. 'Yan sanda suka tsare ɗaruruwan ɗalibai da suka tsere daga aji don shiga layi, abin da ya sa kamfanin Enix, mai wasan, ya koma fitar da sababbin kashi a ranakun da babu makaranta.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan mutumin Mairuwa ta jihar Katsina da wannan? Ruwansa ya zo, domin na'urorin da 'ya'yansa ke kashe kuɗin tara a kansu duk daga can suka fito. Wanda ya taɓa leƙa shagon gem a Funtua ko garuruwan da ke kan hanyar Gusau ya san yadda wurin yake: benci biyu, talabijin a kan tebur, PlayStation ta kamfanin Sony, janareta na kuka a bayan shago. Yara biyu na riƙe da madannai suna buga ƙwallo, wasu goma na tsaye a bayansu suna ihu, kowa na jiran a ci wani ya karɓa. Ƙwallon PES da suka fi so, ita ma aikin kamfanin Konami ne na Japan. Amma a cikin duk abin da Japan ta aiko mana, nau'in da ta fi alfahari da shi, wato wasan da ake shiga cikin labari a zama jaruminsa, shi ne bai taɓa zama a shagunanmu ba. Dalili a fili yake: wasa ne na karatu, kuma ba da harshenmu yake magana ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan sharhi shi ne, tarihin Dragon Quest ya nuna cewa wannan giɓi mu ne za mu cike shi, kuma kayan aikin suna hannunmu tun tuni.

Gasa ce ta haife shi

A 1982 Enix ƙaramin kamfani ne da ba shi da masu rubuta manhaja nasa na kansa. Sai mai shi, Yasuhiro Fukushima, ya sa gasa da kyautar kuɗi: duk mai wasan kwamfuta da ya ƙirƙira a ɗakinsa ya aiko. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Koichi Nakamura, wanda a lokacin ɗalibin sakandare ne, da Yuji Horii, marubuci mai zaman kansa, haifaffen tsibirin Awaji a 1954, wanda ke yi wa mujallar yara ta Shonen Jump rubutu. A 1983 kamfanin ya tura su baje kolin kwamfutocin Apple a San Francisco ta Amurka. Daga nan hankalinsu ya koma kan irin wasannin da Amurkawa ke yi a lokacin, musamman Wizardry da Ultima, inda mai wasa ke yawo a duniyar almara, yana yaƙi da dodanni, ƙarfinsa na ƙaruwa a hankali.

Waɗannan wasanni na masu kwamfuta ne, da Turanci suke, kuma wahalarsu ta isa ta kori babba balle yaro. Tambayar da Horii ya yi wa kansa ita ce, ta yaya ɗan firamare da ke da na'urar Famicom ta Nintendo a gida, mai 'yan madannai ƙalilan, zai shiga wannan duniya ba tare da wani ya riƙe masa hannu ba? Amsarsa ta fito ranar 27 ga Mayun 1986.

Kaset ɗin farko kilobait 64 kacal yake ɗauka. Hoto guda da ake ɗauka da wayar hannu a yau ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, sai da suka zubar da fiye da rabin haruffan katakana na rubutun Japan, suka bar kimanin 20, suka riƙa raɗa wa garuruwa da dodanni suna daga abin da ya rage. Duk rubutun wasan an yi shi ne da sauƙaƙan haruffan da yaran Japan ke fara koya a ajin farko.

A duba yadda wasan ke buɗewa. Jarumi na tsaye a gaban sarki, ɗaki a kulle. Ba zai fita ba sai ya saurari sarki, ya buɗe akwatunan da ke gefe, ya ɗauki zinariya 120 da fitila da mabuɗi, ya buɗe ƙofa da kansa. Kafin ya taka waje ya riga ya koyi duk abin da zai buƙata, ba tare da ya san koyar da shi ake yi ba. Yana fita daga fada, sai ya hango gidan babban dodon a tsallaken ruwa, kusa ƙwarai amma babu gada. Tun daga minti na farko yaro ya san inda za shi, ya kuma san sai ya zagaye duniya kafin ya isa. In dodo ya kashe shi a hanya, ba a mayar da shi farko. Rabin kuɗinsa ke tafiya, amma ƙwarewar da ya tara tana nan. Wannan ƙa'ida ita ce zuciyar wasan. Ba ya neman saurin yatsa, naci yake nema, irin nacin manomin masara da ke komawa gona kullum ya ƙara kunya ɗaya har ya kai bakin iyaka. Sannu ba ta hana zuwa, kuma duk yaron da ya jure zai ga ƙarshen labari.

Mutum uku, sana'a uku

Horii bai yi aikin shi kaɗai ba. Editan Shonen Jump, Kazuhiko Torishima, ya haɗa shi da Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, wanda ya zana dodannin da fuskar fara'a yadda ba za su firgita yaro ba. Mafi shahararsu ɗan ɗigon ruwa ne shuɗi mai murmushi, wanda yau ake ganin hotonsa a shaguna ko'ina a Japan. Kiɗan kuma Koichi Sugiyama ya tsara, mutumin da ya haura shekara hamsin a lokacin, ya kuma riga ya yi suna a talabijin. Nakamura da kamfaninsa Chunsoft suka rubuta manhaja. Marubuci, mai zane da makaɗi suka zauna tare fiye da shekara talatin, har Sugiyama ya mutu a 2021 yana da shekara 90, Toriyama kuma ya bi shi ranar 1 ga Maris 2024.

Kashi na biyu ya fito a Janairun 1987 da jarumai uku maimakon ɗaya. Kashi na uku ya ba mai wasa damar zaɓar abokan tafiya bisa sana'a: soja, ɗan kasuwa, mai magani, da sauransu, kuma aka sayar da kusan miliyan 3.8 a Japan kaɗai. A cikinsa ne Horii ya saka wani tsibiri mai kama da tsohuwar Japan, inda macijin nan Yamata no Orochi ke karɓar 'yan mata a matsayin hadaya. Wannan maciji ba ƙirƙirar Horii ba ne. Yana cikin littafin Kojiki da aka kammala a shekarar 712, mafi tsufan littattafan tarihin ƙasar. Ke nan tsarin da aka aro daga Amurka ya zama akushin da aka zuba tatsuniyar gida.

Kashi na biyar, na 1992, shi ne ya nuna zurfin da irin wannan wasa zai iya kaiwa. Mai wasa na farawa yana ɗan yaro a bayan mahaifinsa. A gabansa ake kashe uban, a kama shi bauta tsawon shekara goma, ya gudo, ya yi aure, ya haihu, yana ta neman mahaifiyarsa da aka sace tun yana jariri. A ƙarshe ma sai ya gane ba shi ne jarumin da duniya ke jira ba, ɗansa ne. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da yaron da aka sace da uwar da ta ratsa hamada tana nemansa, zai ji cewa wannan ciwo ba baƙo ba ne a adabinmu.

Nasarar ta jawo masu bin sawu. Kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy a 1987, aka yi ta gogayya har kamfanonin biyu suka haɗe a 2003 suka zama Square Enix. Final Fantasy ya fi karɓuwa a ƙasashen waje, domin kusan kowane kashi sabon salo yake ɗauka. Dragon Quest ya tsaya kan abin da mutanensa suka sani. A Amurka, inda ya shiga a 1989 da sunan Dragon Warrior, sai da Nintendo ta riƙa raba shi kyauta ga masu sayen mujallarta, Turai kuwa ba ta ga babban kashinsa ba sai 2006. Wannan bai sa masu shi sun sauya ainihin tsarinsa don burge baƙi ba. Yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 85 na jerin, kuma da aka buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a Yulin 2021, da kiɗansa aka fara shigo da 'yan wasan duniya fili.

Abin da ke rumbunmu

Yanzu a dawo gida. A jihar nan tamu ta Katsina, a Daura, akwai rijiyar Kusugu. Labarin da kowane ɗan firamare ya sani ya ce wani baƙo, Bayajidda, ya taso daga gabas, ya biya ta Borno, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce maciji ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya sare kan macijin ya ɓoye. Da safe masu ƙaryar jarumta suka yi ta bugun ƙirji a fada, har aka nemi shaida, shi kuma ya fito da kan, ya auri sarauniya Daurama. Masana tarihi suna da ja kan yadda za a fahimci labarin Bayajidda, kuma jayayyarsu na da amfani. Amma ta fuskar gini, babu abin da mai tsara wasa ke nema da ba ya ciki: tafiya, neman makami a wani gari, tsohuwa mai ba da labari, dodo mai tare ruwa, da hujjar da ke tona asirin maƙaryata.

Ba mu tsaya a tatsuniyar baka ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga ita aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai a lokacin. Jarumin littafinsa ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana bin gari gari, yana ta karo da Malam Zurƙe. Ganɗoki kuma daga fagen yaƙi ya zarce ƙasashen aljanu. Da Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Abin da Horii ya yi da wasannin Amurka a 1986, Imam ya yi shi da littattafai rabin ƙarni kafin nan. Dukansu biyu gasa ce ta fito da su, dukansu aro suka yi, kuma dukansu sun san cewa abin aro ba ya zama naka sai ya yi magana da bakin mutanenka.

Kasuwar ma ba ta mutu ba. Littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini sun cika hannun samari shekara da shekaru, yanzu kuma ana sauraren su a waya. Fina-finan Indiya da Algaita ke fassarawa sun isa ƙauyen da jarida ba ta taɓa zuwa ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan mata masu alƙalami da ke jiran a buɗe musu ƙofa. Masu sha'awar dogon labari na jarumta suna nan da yawa. Abin da ba a ba su ba shi ne labarin da za su shiga ciki da ƙafarsu.

Masu ja da wannan magana

Na san akwai masu cewa wannan zance bai dace da halin da muke ciki ba, kuma ba na raina hujjarsu. Yankin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya sha wuya. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun da Funtua. Manomi na fargabar zuwa gonarsa, mai zuwa kasuwar Sheme na tafiya da addu'a a baki. Wanda ke cikin wannan hali yana da haƙƙin ya ce a fara maganar rai tukuna.

Amsata ita ce, rashin tsaron ne ma ya sa zancen ya zama na gaggawa. A da, bayan sallar isha'i yara na fita dandali, ko su kewaye kaka ta yi musu gatanan gatananku. A garuruwa da yawa yanzu magariba na yi ake rufe ƙofa. Yaron da ke kulle a ɗaki bai daina neman labari ba, wayar yayansa ce ta maye gurbin kaka. To wane jarumi yake gani a cikinta? Sau da yawa mai riƙe da bindiga ne yana baje kuɗi a TikTok. Idan ba mu ba yaro labarin da mai haƙuri da taimakon jama'a ke yin nasara a ciki ba, wani zai ba shi nasa, kuma mun ga irin wanda ake bayarwa.

Hujja ta biyu ta malamai da iyaye ce: tsafi da sihiri a cikin waɗannan wasanni, kiɗa, ɓata lokaci, da cacar da ke shiga wasu shagunan gem. Damuwa ce ta gaskiya. Sai dai tarihin Dragon Quest kansa ya nuna cewa kowace al'umma na tace wasa bisa abin da ta yarda da shi. Da aka kai shi Amurka, an cire alamun gicciye daga wuraren ibadar da ke ciki don kada a taɓa addinin mutane. Mu da za mu gina namu daga tushe, mu ke da ikon cewa ga abin da zai shiga, ga wanda ba zai shiga ba. Jaruminmu zai iya samun ƙarfi ta hanyar koyon sana'a wurin maƙeri, da neman ilimi wurin malami, da sasanta manomi da makiyayi a kan burtali. Hana yara wasan waje ba tare da ba su madadi ba, mun gwada shi shekaru, shagunan kuma ba su ragu ba.

Akwai kuma ribar da ba a cika lura da ita ba. Irin wannan wasa ba ya tafiya sai an karanta. In tsohuwa a cikin wasa ta ce mabuɗi na ƙarƙashin tsamiyar da ke gabas da kasuwa, yaron da bai karanta ba ba zai wuce wurin ba. Zai haɗa baƙi da wasali don kansa, ba don tsoron bulala ba. A yankin da aka rufe makarantu sau da yawa saboda tsaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana ma iya sa rubutun ya zo da boko da ajami, yadda almajiri zai shiga a dama da shi.

Ta ina za a fara?

Kada a ce sai mai arzikin Japan. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, wasan almara da aka gina kan al'adun Afirka, duk da ɗaukewar wutar da ta riƙa tsayar musu da aiki. Manhajojin gina wasa irin su Godot kyauta suke. Ƙaramar wayar Android da ke aljihun ɗan acaɓa a Mairuwa ta fi Famicom ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne wanda zai yi abin da East ya yi a 1933, Fukushima kuma ya yi a 1982. Ina kira ga gwamnatin jihar Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, su haɗa hannu su sa gasar shekara-shekara ta wasan labari da Hausa. Sharuɗɗan su zama kaɗan kuma masu tsauri. Wasa ya yi aiki ba tare da intanet ba, domin mun ga yadda layi ke yankewa wata da watanni. Ya zama ƙarami yadda masu tura fina-finai a waya za su iya tura shi cikin minti ɗaya. Kowace tawaga ta ƙunshi marubuci, mai zane da mai manhaja, domin ɗalibin kwamfuta shi kaɗai zai yi abin da ke motsi amma babu rai, marubuci shi kaɗai kuma zai tsaya a takarda. A keɓe gurbi ga matasan kudancin jihar, waɗanda suka fi kowa sanin abin da tsoro da juriya ke nufi.

Matsalar kuɗi ita ce babba, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Satar fasaha da ta karya kasuwar faifan Kannywood za ta jira wannan ma a bakin hanya. Shi ya sa a matakin farko dole mai ɗaukar nauyi ya sayi aikin waɗanda suka yi nasara da daraja, ya raba shi kyauta ga makarantu da jama'a, har masu yin su ƙware su samo hanyar cin abinci da shi.

Wasannin farko da za a aiko ba za su yi kyau sosai ba, kuma kada wannan ya karya gwiwar kowa. Abin da Horii ya shiga gasar Enix da shi ɗan wasan tanis ne da ba a tunawa da shi yau, shekara huɗu ne kawai tsakaninsa da Dragon Quest. Da ba a sa gasar ba, da ya ci gaba da rubutun mujalla, Nakamura kuma ya nemi aikin ofis. Masu irin wannan baiwa suna nan a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, suna zane a bayan littafin lissafi, suna gyaran waya a bakin tasha, suna rubuta labari a WhatsApp. Ba za mu san sunayensu ba sai ranar da wata hukuma ta ware kuɗi, ta sa ranar rufe karɓa, ta ce su kawo abin da suka iya.